Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: Yadda Shari'ar Gwamnan Kano Ta Mayar da Kowa Lauya

Ranar 20 ga Satumban 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamnan Kano ta yanke hukuncinta ta manhajar Zoom. Ta cire ƙuri'a 165,663 daga cikin 1,019,602 da hukumar zaɓe ta ce Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu, bisa dalilin cewa takardun ƙuri'un ba su ɗauke da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Abin da ya rage masa, 853,939, bai kai 890,705 na Nasiru Yusuf Gawuna na APC ba. A ranar 'yan sanda suka sanya dokar hana fita ta sa'a 24. Daga nan har zuwa 12 ga Janairun 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta rufe maganar, Kano ta cika da masana shari'a irin yadda ba ta taɓa cika ba. A teburan masu shayi na Gyaɗi-Gyaɗi, da rumfunan kasuwar waya ta Farm Centre, da zaurukan WhatsApp na ma'aikata, kusan kowa ya san yadda za a ƙare, kuma ya sani ba tare da wata tantama ba.

Abin lura shi ne, alƙalan da suka shafe rayuwarsu a kan wannan aiki ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara, a hukuncinta na 17 ga Nuwamba, ta ɗora nauyin maganar a kan wani batu, wato cewa Abba ba ɗan jam'iyyar NNPP ba ne a lokacin da ta tsayar da shi. Kotun Ƙoli kuwa ta rushe duka biyun. Ta ce sashe na 63 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bar ƙofar ƙirga ƙuri'ar da ba ta da alamar hukuma, matuƙar an gamsu daga kundin hukumar ta fito, sannan ta ce batun zama ɗan jam'iyya harka ce ta cikin gida. A tsakiyar tafiyar ma sai da takardar hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fito da wani sakin layi da ya saɓa wa abin da aka karanta a zauren kotu, har kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Maganar da ta rikita ƙwararru haka, yaya aka yi ta zama mai sauƙi a bakin wanda bai taɓa buɗe Dokar Zaɓe ba?

Binciken da ya sanya wa abin suna

A 1995 wani mutum mai suna McArthur Wheeler ya yi fashi a bankuna biyu a birnin Pittsburgh na Amurka, fuskarsa a buɗe. Ya shafa ruwan lemon tsami ne, yana da yaƙinin cewa hakan zai hana kyamara ɗaukar hotonsa. Labarinsa ya ja hankalin David Dunning, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Cornell a lokacin, wanda shi da ɗalibinsa Justin Kruger suka wallafa wani bincike a 1999. Sun jarraba ɗalibai a kan nahawu, da tunani bisa ƙa'idar hujja, da gane abin dariya, sannan suka ce kowa ya ƙiyasta matsayinsa a tsakanin sauran. Waɗanda suka faɗo a rubu'in ƙarshe, a matsakaici mutum 12 kacal suka fi cikin kowane 100, amma sun ɗauka sun fi mutum 62. Waɗanda suka fi kowa ƙoƙari kuwa sun ɗan rage wa kansu matsayi, domin sun zaci abin da ya zo musu da sauƙi haka ya zo wa kowa.

Bayanin da masu binciken suka bayar mai sauƙin fahimta ne. Ilimin da mutum yake buƙata don ya yi abu daidai, shi ne dai ilimin da yake buƙata don ya gane ya yi kuskure. Wanda bai san nahawu ba, ba shi da ma'aunin da zai auna jimlarsa ya ga ta karkace. Da suka ba wasu daga cikin na ƙasan ɗan horo a kan ƙa'idojin hujja, sai ƙiyasinsu game da kansu ya matso kusa da gaskiya.

Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan. Suna raba jahilci gida biyu: basiɗi, na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, da murakkabi, na wanda bai sani ba kuma yana ganin ya sani. Na farko tambaya tana warkar da shi. Na biyu ba ya tambaya, don a ganinsa babu abin tambaya. Bahaushe ya taƙaita maganar da cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Gaskiya ne wasu masana lissafi sun ƙalubalanci binciken. Sun nuna cewa wani ɓangare na sakamakon yana fitowa ne daga yanayin ƙididdiga kanta, da kuma ɗabi'ar da yawancin mutane suke da ita ta ɗaukar kansu sama da matsakaici. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma yana hana a riƙi binciken kamar wahayi. Sai dai bai taɓa ainihin abin da ya shafi Kano ba: mutane suna yi wa saninsu kyakkyawan zaton da ya wuce ƙima, kuma ƙarfin yaƙinin mutum ba shaida ba ne a kan zurfin iliminsa.

Inda jam'iyya ta shigo

A 2018 Ian Anson, masanin kimiyyar siyasa a wata jami'a da ke jihar Maryland, ya gwada wannan a fagen siyasa da Amurkawa sama da 2,600. Ya yi musu 'yan tambayoyi kan tsarin mulkin ƙasarsu, ya ce su auna kansu. Masu ƙarancin sani suka ɗaga kansu sama, kamar yadda aka zata. Sabon abin da ya gano shi ne, idan aka fara tuna wa mutum jam'iyyarsa, wannan ruɗi yana ƙaruwa. Haka kuma idan aka ba masu ƙarancin sanin amsoshin wani su auna, jam'iyyar mai amsar takan rinjayi hukuncinsu.

Duk wanda ya zauna a Kano zai gane wannan hoto. Siyasar garin ta daɗe tana tafiya a kan gida biyu: NEPU da NPC, Santsi da Taɓo bayan rabuwar Malam Aminu Kano da Abubakar Rimi a cikin PRP, sannan Kwankwasiyya da Gandujiyya tun daga 2016. A irin wannan yanayi, ra'ayi a kan sashe na 63 ya zama kamar hula, ana gane gidan mutum da shi. Wanda ya ce "ban karanta hukuncin ba tukuna" a tsakiyar majalisar 'yan gidansu, ana iya yi masa kallon mai shirin sauya sheƙa. Wanda ya ɗaga murya ya yi rantsuwa shi ake yi wa tafi. Da haka yaƙini ya zama kuɗin shiga jama'a, kokwanto ya zama abin kunya.

Kafafen watsa labarai sun ƙara wa wutar itace. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a Kano, irin su Freedom Radio da ta fara a 2003, aka samu wata sana'a da jama'a suka laƙaba wa suna sojojin baka. Ana auna ɗan wannan sana'a da kaifin harshe da iya habaici, ba a tambayarsa inda ya samo alƙalumansa. Facebook da TikTok sun ɗora a kan haka, domin abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi yaɗuwa. Lauyan da zai ce maganar tana da fuska biyu ba zai taɓa tara masu kallon da mai cewa an gama komai zai tara ba.

Ga wata alama da ke nuna cewa biyayya ce ke jan hujja. Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje sun yi gwamna da mataimaki daga 1999 zuwa 2003, suka sake yi daga 2011 zuwa 2015. Akwai magoya bayan da suka kare aikin wannan gwamnati da dukkan ƙarfinsu, da aka raba gari kuma suka shiga tsinkar laifin rabinta da irin wancan ƙarfi. Malam Ibrahim Shekarau ya shiga NNPP a 2022, ya fita cikin 'yan watanni, kuma a kowane zango an samu masu bayanin da ya gamsar da su cewa matakin daidai ne. Bayanan da ke ƙasa ba su sauya ba a tsakanin, wurin zaman jagora ne ya sauya.

Masu digiri ba su tsira ba

Abu ne mai daɗi ga ma'aikacin banki ko malamin jami'a ya karanta wannan ya tuna da mai shayin unguwarsu. To, laifi tudu ne. Gyaɗi-Gyaɗi unguwa ce da ke zagaye da ƙwararru: ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, ga kotuna da ofisoshin lauyoyi a Court Road. Likitan da ya ƙware a aikin ƙoda ba zai yarda lauya ya koya masa yadda ake wankinta ba, amma yana iya zama a zauren WhatsApp ya warware dambarwar masarautar Kano cikin layi huɗu, alhali bayan soke dokar masarautu ta 2019 a watan Mayun 2024 kotunan tarayya da na jiha sun yi ta bayar da umarni masu karo da juna a kanta. Ƙwarewa a fage ɗaya takan sa mutum ya ji kamar ta bi shi duk inda ya shiga.

Akwai binciken da ya tabbatar da wannan fargaba. Dan Kahan na Jami'ar Yale da abokan aikinsa sun ba mutane wani lissafi mai ɗan wuya. Da aka ce alƙaluman na gwajin wani man shafawa ne, masu ƙarfin lissafi suka fi samun amsar daidai. Da aka ba da alƙaluman nan dai aka ce na dokar taƙaita bindiga ne, batun da ya raba jam'iyyun Amurka, sai masu ƙarfin lissafin suka fi rabuwa bisa ɓangarensu. Sukan ga amsar idan ta yi wa gidansu daɗi, su kauce mata idan ta saɓa. Ilimi a nan ya zama lauyan son zuciya. A wani binciken na 2015 kuma, Dunning da abokansa sun ga cewa masu ɗaukar kansu masana harkar kuɗi sun fi saurin cewa sun san wasu kalmomin da masu binciken ne suka ƙirƙire su, babu su a ko'ina.

Wannan ya fi haɗari, domin maganar mai digiri tana da nauyi. Idan ya tura saƙon da bai tantance ba, danginsa da maƙwabtansa za su ɗauka an riga an tace.

Abin da ake asara

Wanda aka tabbatar masa cewa nasara tasa ce babu makawa, idan hukunci ya zo akasin haka, bayani ɗaya ne ya rage masa: an sayi alƙalai. A watanni huɗun nan kowane ɓangare ya ɗanɗana wannan, ɗaya a Satumba da Nuwamba, ɗaya a Janairu. Akwai dalilai na gaske da suke sa a tuhumi kotunan Najeriya, kuma takardar nan mai cin karo da kanta tana cikinsu. Amma tuhumar da ke tashi kawai ranar da aka sha kaye, ta kwanta ranar da aka yi nasara, ba ta gyara kotu. Tana dai koya wa matasa cewa babu wata hanya sai ta ƙarfi, kuma garin da ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama a zaɓen cike giɓi na Maris ɗin 2019 ya san inda wannan darasi yake kaiwa.

Asara ta biyu ba ta da ƙara. Lokacin da aka ɓata a kan abin da ba a sani ba, an ɗebe shi ne daga abin da za a iya sani. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, har da Tarauni. Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi Arewa ko Gyaɗi-Gyaɗi Kudu zai iya neman wannan adadi, ya san sunan kansilansa, ya tambayi abin da aka yi da kuɗin a kan magudanar ruwa da makarantar firamare. Wannan sani yana kusa, kuma yana da amfani, amma ba ya tara jama'a kamar gardamar wanda zai ci 2027.

Tambayar da ke sauke girman kai

A 2002 Leonid Rozenblit da Frank Keil sun tambayi mutane ko sun san yadda abubuwan yau da kullum irin su zif ɗin riga suke aiki. Suka ce sun sani. Da aka ce su bayyana daki-daki, sai suka kakare, suka rage makin da suka ba kansu. A 2013 Philip Fernbach da abokansa suka gwada haka a kan manufofin gwamnati, suka ga cewa neman mutum ya bayyana yadda manufa take aiki yana rage masa jin cewa ya fahimce ta, alhali neman ya kawo dalilan goyon bayansa ba ya yin haka. An yi saɓani daga baya kan ko wannan yana sassauta tsattsauran ra'ayi, amma raguwar ruɗin fahimtar ta sake bayyana.

Darasin yana da sauƙin ɗauka zuwa majalisa. Tambayar "me ya sa kake goyon baya?" tana buɗe rumbun da ke cike da amsoshin haddace. Tambayar "yaya abin yake aiki?" ita ce ke nuna ko akwai hatsi a ciki. A kan wane sashe kotun ta dogara? Wa ke da ikon cire sarki a ƙarƙashin wace doka? Ta wace hanya cire tallafin mai ya taɓa farashin masara a Dawanau? Mai adalci zai fara yi wa kansa waɗannan tambayoyi kafin ya yi wa abokin gardamarsa. Masu gabatar da shirye-shiryen siyasa a rediyo ma za su iya mayar da su ƙa'ida ga duk baƙon da ya zauna gaban makirfo.

An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Mazhabarsa ake bi a Kano, kuma wannan ladabi nasa yana cikin abin da aka gada, ko da yake an bar shi a zauren karatu. Idan likita da lauya da injiniya suka saba furta "ban sani ba, bari in duba" a gaban 'yan gidansu na siyasa, na ƙasa da su za su ga cewa faɗin haka ba ya zubar da mutunci. Matambayi dai ba ya ɓata.