Daga Bakura zuwa Ƙonni a kan babur: rashin takardu ke tura sabon shiga daji

Da zarar matashi a Bakura ko Talata Mafara ya samu sabon Boxer, ya yi makonni yana kai fasinja kasuwar Talata, sai zuciyarsa ta fara raya masa doguwar tafiya. Ga dangi a Birnin Ƙonni, ga kayan da ake cewa sun fi daraja in an sayar da sefa. Hanyar ma ba ɓoyayya ba ce: Lambar Bakura, Tureta, Sakkwato, Gwadabawa, Illela, sai ƙasar Nijar.

Iyaye kan yi masa gargaɗi kan gudu da hular kwano, kuma suna da gaskiya. Wanda ya saba da lungunan gari bai san yadda iskar tirela ke fizgar babur a babban titi ba, bai san cewa damƙe birkin gaba a kan rairayi kayar da mutum yake yi ba. Sa'o'i uku a rana da kaya a baya sun isa su sa hannu ya mutu, ido ya fara lumshewa.

Amma akwai hatsarin da ya fi wannan, kuma ba a cika zancensa ba: rashin takardu.

Da yawa daga cikin baburan da ke yawo a karkara ba su da lamba, masu su ba su da lasisi, abin da ke aljihu bai wuce rasidin dila ba. A cikin gari babu mai tambaya. A iyaka kuwa akwai kwastam, akwai jami'an shige da fice, a tsallake kuma jandarmomi na jira, su da ba su wasa da takardar abin hawa da inshora. Wanda ya san ba shi da abin nunawa, me zai yi? Sai ya sauka daga kwalta ya bi ɓarauniyar hanya, galibi da asuba ko bayan magariba.

Nan ne ainihin matsalar take. A dazukan Zamfara da gabashin Sakkwato, babur shi ne dokin 'yan bindiga. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da fetur a jarka. Nijar ma ta hana hawa babur a wasu sassan Tillaberi a farkon 2020. Baƙon da aka gani shi kaɗai a hanyar daji, a kan babur marar lamba, yana tsakanin wuta biyu: ɗan bindiga na son babur ɗin da kuɗin fansa, ɗan sa-kai ko soja kuma na iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Tsohon ɗan kabu-kabu ya san ƙauyukan, an san fuskarsa, ya san wanda zai kira ya tambayi lafiyar hanya. Ɗan koyo ba shi da ko ɗaya.

Ita kanta iyakar ta sauya. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Labarin yayan da ya je Ƙonni shekaru biyar da suka wuce ya tsufa.

Za a ce lamba da lasisi kuɗi ne, kuma ko mai cikakkun takardu ba ya tsira daga “a ba mu na goro” a shinge. Haka ne. Sai dai na goro ana biya a wuce, wanda aka shiga da shi daji kuwa sai an sayar da gona.

Shugabannin 'yan kabu-kabu a Bakura, Mafara da Maradun na iya haɗa sababbin shiga su yi rajista a jimla, su kuma hana su tsallaka iyaka sai tare da wanda ya saba hanya. Wanda tafiyar ta kama shi kafin nan, akwai motar Sakkwato a tashar Mafara, daga can akwai ta Illela.