Fargabar Ɗakin Tiyata da Mai Hawan Jini

Idan aka kai manomi daga Gwiwa ko Roni zuwa Babban Asibitin Kazaure domin a yi masa aikin ciki, abu na farko da zai same shi shi ne fargaba, tun likita bai ɗauki wuƙa ba. Ita kuwa fargaba ba a zuci kaɗai take tsayawa ba. Akwai wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su ne ke zubo sinadarin adiranalin cikin jini da zarar mutum ya tsorata, sai zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Mai lafiya yakan jure wannan. Amma wanda awon jininsa ya daɗe yana wuce 140 bisa 90, jijiyoyinsa sun riga sun yi tauri, ba sa miƙewa yadda ya kamata.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne sa'ad da aka sa majiyyaci barci, aka zura masa bututun numfashi a maƙogwaro. Nan take jini yakan yi tsalle sama, ba da jimawa ba kuma maganin barcin ya sa ya faɗi ƙasa warwas. A 1971 Cedric Prys-Roberts da abokan aikinsa a Oxford ta Ingila suka nuna cewa wannan hawa da sauka ya fi tsanani ga masu hawan jinin da ba sa shan magani. Zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda su ke ɗanɗana kuɗarsa.

Shi ya sa akan bai wa majiyyaci maganin kwantar da hankali kafin a shiga da shi, kamar diazepam, wanda ya fito a 1963, ko midazolam. Akwai kuma clonidine da dexmedetomidine, waɗanda ke rage wa jijiyoyin tsoro ƙarfi tun daga ƙwaƙwalwa, har tashin jinin lokacin zura bututu ya ragu. Suna da amfani, ba shakka. Sai dai suna iya rage bugun zuciya fiye da kima, midazolam kuma yakan rikita tsofaffi ya danne musu numfashi.

Kuskure ne babba a ɗauka ƙwaya ɗaya ta safiyar tiyata za ta gyara ɓarnar shekara goma. Ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fitar a 2016 ta ce idan awo ya kai 180 bisa 110, a ɗage aikin da ba na gaggawa ba. Wanda ya biya kuɗin mota daga ƙauye aka ce ya koma gida, ba zai ji daɗi ba, amma likitan da ya mayar da shi ya yi daidai.

Wani abin da ba a sayarwa a kemis kuma shi ne magana. A 1963 Lawrence Egbert da abokansa a Boston ta Amurka suka gano cewa ziyarar likitan sa barci da bayaninsa sun fi maganin pentobarbital kwantar wa majiyyaci hankali, domin maganin gyangyaɗi kawai ya jawo. Saboda haka ɗalibin da ya raka mahaifinsa asibiti yana da aiki a gabansa: ya tafi da kwalayen magungunan da tsohon ke sha, har da saiwa da jiƙon gargajiya, ya kuma tambayi likita wanne za a sha da safiyar aikin, wanne za a dakatar tun jajibirin ranar.