Harshen Kaka Ba Cin Amanar Ƙasa Ba Ne

A ƙasar Girka akwai ra'ayin da ya yi kaka-gida: wai harshen Aromaniya, wanda mutanen tsaunukan Pindus ke yi, abin rawa ne da waƙar biki kawai. A bar shi a bakin tsofaffi, domin in aka shigar da shi aji zai raba kan ƙasa. Wannan magana ba ta da tushe.

Su wane ne masu harshen? Maƙwabtansu na kiransu Vlach, su kuwa suna ce wa kansu Armãnji. Harshensu daga Latin ya fito, ɗan'uwan na Romaniya ne, kuma ana yin sa a Girka da Albaniya da Masedoniya ta Arewa da Romaniya. Tun 1770 Theodoros Kavalliotis, malami daga Moskopole, ya buga ƙamus ɗinsa a Venis tare da Girkanci da Albaniyanci. Harshen da ya shiga ɗab'i a lokacin ba zai gagari allo yau ba.

A duba garin Metsovo. Daga nan Georgios Averoff ya fito, attajirin da ya biya kuɗin sake gina filin wasan marmara na Atina domin gasar Olamfik ta 1896. Ɗan wannan al'umma ne ya yi wa Girka wannan hidima. Amma a 2001 kotu ta yanke wa wani mai suna Sotiris Bletsas ɗaurin wata 15 saboda ya raba takardar da ta lissafa Aromaniyanci cikin harsunan Girka, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Wannan shi ne a ci moriyar ganga a yada kwaurenta.

Masu tsoron rabuwar kai su leƙa Krushevo a Masedoniya ta Arewa, inda harshen ya zama na hukuma a ƙaramar hukumar. Ƙasar ba ta tsage ba. Tun 1997 Majalisar Turai, a shawararta mai lamba 1333, ta nemi a koyar da shi, a kuma ba shi fili a kafofin watsa labarai.

Abin da ke faruwa a gidaje ya fi komai ciwo: kaka ta yi magana da harshenta, jika ya amsa da Girkanci. In kakar ta kwanta dama, wa zai gaji bakinta? Rawar biki sau ɗaya a shekara ba ta raya harshe. Ya kamata Girka ta buɗe wa Aromaniyanci ƙofar makaranta tun masu jin sa suna da rai.