Wane irin injiniya muke so ƴaƴanmu su zama?

Bayan la'asar wani dattijo ya tare ni da tambaya, yana jin nauyin furta ta: ɗansa ya samu gurbin karatun injiniya a Turai, amma sashen da ya zaɓa na ƙera na'urorin biyan sha'awa ne. Shin ya biya masa kuɗin tafiya?

Ku sani, ilimin ƙira ba abin zargi ba ne. Malamai sun lissafa sana'o'in da al'umma ke bukata cikin farillar kifaya. Hukunci yana bin abin da hannu zai fitar. Mutum ya biya wa kansa bukata haramun ne a mazhabarmu ta Malikiyya, da hujjar aya ta 5 zuwa ta 7 a Suratul Mu'minun. Mai ƙera na'urar yin haka mataimaki ne, aya ta 2 a Suratul Ma'ida kuwa ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Kada dai ku haɗa wannan da magani: wanda ya koyi ƙera kayan asibiti domin magidanci mai rauni ko mace mai yoyon fitsari, lada yake nema.

Abin da ya fi ci mini rai, rairayi na binne kwaruruwan dabino da kanwa a kewayen Gure, matatar mai ta SORAZ na aiki a jihar Damagaram tun 2011, amma mai basirarmu can hankalinsa ya tafi. Na ce wa dattijon ya riƙe kuɗinsa har yaron ya sauya sashe. In hakan bai yiwu ba, makarantar EMIG tana nan a Yamai.