Zauren Kwamfuta: Yadda Django ke kai kowane adireshi inda ya dace

Yau za mu duba abin da ke faruwa bayan mun rubuta adireshin shafi a intanet mun danna.

Mu ɗauki Django, manhajar gina shafukan intanet da harshen Python, wadda ta fito a 2005. A cikinta akwai fayil mai suna urls.py, ɗauke da jerin adireshi, kowanne da aikin da zai amsa shi. Idan buƙata ta iso, Django kan bi jerin daga sama zuwa ƙasa, na farkon da ya dace shi ke amsawa. In babu, sai ta nuna 404, wato ba a samu shafin ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ce mun gina shafin makaranta. Layin farko, dalibi/<str:suna>/, yana nuna bayanan ɗalibi idan an ba shi suna. Na biyu, dalibi/sabo/, na rajistar sabon ɗalibi ne. Da mun buɗe dalibi/sabo/, layin farko zai cafke shi, ya shiga neman ɗalibi mai suna Sabo! Fom ɗin rajista kuwa ba zai taɓa fitowa ba.

Maganin shi ne mu sa adireshin da ba ya canzawa a sama, mai gurbin suna a ƙasa.

Aikin gida: idan muka mayar da layin farko dalibi/<int:lamba>/, wanda lamba kaɗai yake karɓa, shin matsalar za ta kau? Sai mako mai zuwa.