Zuƙe Ruwan Ba Ya Warkar da Ɓeran Masar

Idan gashin macen ɓeran Masar ya zube ta kuiɓi biyu, ciki ya kumbura, galibi ƙullutun ruwa ne a gidan ƙwanta. Masu kiwo kan zaɓi likitan dabbobi ya zuƙe ruwan da sirinji, wai tausayi. Wannan yaudarar kai ce, domin ƙullutun kan sake cika cikin makonni. Allurar hCG kuwa nau'in da ke fitar da homon take wa aiki, alhali yawancinsu ba sa fitarwa. Tiyatar cire gidan ƙwai ce maganin dindindin. Hakika maganin sa barci na da haɗari gare ta, amma haɗarin ƙaruwa yake yi in ta tsufa ta rame. Ku kai ta sikanin tun tana da ƙarfi.