Kwamfutarka Ta Mutu a Ƙasar Waje Ka Ce Ƙaddara? Sakaci Ne!

Na gaji da yi wa mutane jajen abin da suka jawo wa kansu. Duk ƙarshen zangon karatu, a zaurukan WhatsApp na ɗalibanmu da ke Malesiya da Indiya da Masar da Turkiyya da Ingila, sai an jefo saƙo iri ɗaya: "Jama'a a taya ni da addu'a, kwamfutata ta ƙi tashi, kuma duk aikina yana ciki." Nan take sai addu'o'i su yi ta zuba, wannan ya ce Allah Ya mayar da alheri, wancan ya ce Allah Ya sa kaffara ce. Ba wanda zai yi ta-maza ya tambaye shi: Malam, ina ka ajiye kwafin aikin? To, ni yau zan tambaya, wanda zai ji haushi ya ji.

Mutum ne ya tsallaka teku, iyaye sun sayar da gona ko gwamnati ta kashe masa miliyoyi. Ya shekara uku yana tattara bayanai, yana hira da jama'a, yana kwana a ɗakin gwaje-gwaje. Sannan ya tattara wannan wahala duka ya damƙa wa na'ura guda ɗaya, wadda da ma ta hannu ce ya saya a Beirut Road ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, ba shi da labarin abin da ta gani a hannun mai ita na farko. Fasfonsa kuwa ya yi masa fotokwafi, ya naɗe a leda, ya tura hotonsa ga yayansa a gida. Amma kundin digirin da ya sa aka ba shi bizar, kwafinsa ɗaya tak a duniya. Wannan wane irin lissafi ne?

Gida ne ya sangarta mu. A Kano idan kwamfuta ta mutu, ka san inda za ka nufa. Akwai injiniya a wani ɗan shago, da abin walda da gilashin ƙara gani, zai kwance ta a gabanka, ya shinshina, ya ce caja ce ta ƙona wani abu a bod. Idan ta ƙi gyaruwa, zai zare faifan ajiyar ya jona a wata kwamfutar ya kwaso maka kayanka kafin La'asar, ku yi ciniki, har ya yi maka ragi don ya san ƙanenka. Wanda ke Kuwala Lumfur ko Delhi zai iya samun makamancin haka a Low Yat ko Nehru Place, in ya iya yaren ciniki. Amma wanda ke Turai ko Amurka, ya cire wannan daga ransa. Can za a karɓi na'urar ta saman kanta, a caje ka kuɗin dubawa tun ba a taɓa ta ba, a miƙo maka takarda ka sa hannu cewa shago ba ruwansa da abin da ke ciki, a ce ka dawo bayan mako biyu. Ladan aikin hannu a waɗannan ƙasashe yakan kusa kuɗin wata kwamfutar. Garanti kuma, ta hannu ba ta da shi. Ko sabuwa ce ka saya a gida, sau da yawa garantin ba ya bin ka zuwa wata ƙasa. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye garantin shekara biyu, amma ga abin da aka saya a can, kuma na'ura take karewa. Babu dokar da za ta dawo maka da babi na huɗu.

Su ma kamfanonin da ke ƙera kwamfuta ba zan ƙyale su ba, don da gangan suke toshe ƙofar gyara. A da, faifan ajiya abu ne da ake zarewa da sukurdireba. Tun daga 2016 Apple ya fara manne shi a jikin bod a wasu samfuran MacBook Pro, a 2018 kuma ya sa musu guntun T2 mai kulle bayanai, wasu kamfanonin ma suka bi sahu a ƙananan kwamfutocinsu. Ma'ana, kofin shayi ɗaya ya zube a kan madannai, bod ya ƙone, to har da aikinka ya tafi, sai dai ƙwararru masu tsadar gaske su gwada sa'a. Ana sayar mana da siranta da ƙyalli, ana ƙwace mana ikon gyara abin da muka saya da kuɗinmu. Abin ya ishi Faransa har ta tilasta a 2021 a riƙa manna wa kwamfutoci makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa goma. Mu kuwa idan za mu saya, launi muke tambaya da ko tana da hoton tuffa a baya.

Masu Windows kada su yi dariya. Windows 11 na 2024 yana kulle faifan ajiya da BitLocker da kansa idan ka shiga da asusun Microsoft, yawancin mutane ba su ma san an yi ba. Ranar da mai gyara ya canza bod, sai shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗi mai lamba 48. Ina mabuɗin? Yana cikin asusun Microsoft. Wane ne ya buɗe asusun? Yaron shagon da ya saita maka kwamfutar a gida, ko kai ɗin ne ka buɗe ka manta kalmar sirri. Ka ce a turo maka lambar tabbatarwa, sai a tura wa layinka na Najeriya, wanda ka jefa a aljihun akwati tun ranar da ka sauka, aka rufe shi saboda rashin amfani ko rashin haɗa shi da lambar NIN, wataƙila ma an riga an sayar wa wani. Ga kwamfuta ta tashi, ga bayananka lafiya lau a ciki, ga ka zaune kana kallonsu kamar mai kallon tuwo ta bayan gilashi. Wa ya yi maka wannan in ba kai ba?

Wani zai ce ai shi yana da Google Drive. Madalla. Amma wane asusu? Idan na makaranta ne, jami'o'i da dama suna rufe shi bayan ka gama, wasu da wuri fiye da yadda kake zato, kuma tun 2022 Google ya daina bai wa makarantu ma'ajiya marar iyaka. Idan kuma irin wanda ke kwaikwayon duk abin da ya faru a kwamfuta ne, to ka sani idan ka goge fayil bisa kuskure, can ma ya goge, kwandon shararsa kuma kwana 30 kawai yake riƙewa. Wani zai ce yana da filash. Ina take? Tana cikin jaka ɗaya da kwamfutar. Ɓarawon da ya ɗauke jakar a jirgin ƙasa ba zai tsaya ya cire maka filash ɗin don tausayi ba.

Kuma kada wanda ya ce mini ai ƙasar da yake zaune lafiya take. Ɗalibanmu na Yukiren sun kwanta lafiya, suka wayi gari ranar 24 ga Fabrairun 2022 da ƙarar bama-bamai, na birnin Sumy suka maƙale kusan mako biyu. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum, inda dubban 'ya'yanmu ke karatu. An kwashe su a motocin bas, wasu suka kwana da kwanaki a iyakar Masar kafin jirgin farko ya sauke su a Abuja a farkon watan Mayu. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa kwafar fayiloli. Abin da ya riga ya ajiye a wata ƙasa shi ne nasa, saura kuwa sai yadda ta yiwu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata ɓarakar da kunya ke hana mu faɗi. Kwamfutar da kake miƙa wa baƙo ya gyara, tana ɗauke da hoton fasfonka, takardun bankinka, hotunan iyalinka a cikin ɗaki. A 2022 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun kai kwamfutoci shagunan gyara da tarko a ciki, suka gano wasu masu gyaran suna leƙa hotuna da fayilolin da ba su shafi aikin ba, har da masu kwafa. Sun kuma ga ana neman kalmar sirri ko da batir kawai za a canza. 'Yar'uwa, wannan ya fi shafarki. Wanda ke da kwafi a gefe zai iya share kwamfutarsa tas kafin ya miƙa ta, ko ya ƙi ba da kalmar sirri ya juya ya tafi. Wanda ba shi da kwafi kuwa, duk sharaɗin da aka gindaya masa sai ya bi.

Uzurin kuɗi na san shi. Naira ta faɗi daga wajen 460 a dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma akwai lokacin da bankuna suka hana katin naira aiki a waje. Gaskiya ne, ɗalibai sun ji jiki. Amma Google yana ba da gigabait 15 kyauta, Microsoft yana ba da 5. Kundin digiri na uku, in rubutu ne zalla, bai kai nauyin bidiyon biki guda ɗaya da ke wayarka ba. Wanda ya iya canza waya duk shekara ba zai ce faifan ajiya na waje ya fi ƙarfinsa ba.

Hukumomin da ke tura ɗalibai da ƙungiyoyin ɗalibai su ma da nasu laifin. Za a tara yara a yi musu jawabin zama jakadu nagari, a shirya walimar tarbar sababbin zuwa, a ci shinkafa a ɗauki hoto, amma minti goma ba za a ware a koya musu yadda za su kare aikin da aka kashe dukiyar al'umma a kansa ba. Malaman da ke duba kundi ma ya kamata su riƙa tambayar ina kwafi kafin su tambayi ina babi na gaba.

Abin ba wuya gare shi ba. Masana suna kiran ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma nesa da inda kake. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ba ya kwana a jakarka, ɗaya a intanet cikin asusunka na kanka. Ka mayar da lambar tabbatarwa kan layin da ke hannunka yanzu. Ka nemo mabuɗin BitLocker ka rubuta a takarda, ka haɗa shi da fasfo. Lokaci zuwa lokaci ka buɗe kwafin a wata kwamfutar, ka tabbatar yana buɗuwa. In za ka sayi sabuwa, ka tambaya ko faifanta yana zaruwa.

Mun yarda da ƙaddara, amma malamai ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne barin ƙofa a buɗe ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kowace kwamfuta mutuwa za ta yi, ranar ce kawai ba a sani ba. Ku kwafi aikinku yau, kafin ku kwanta.